Lambar da Na Goge

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ina amarya a Bodinga, masu lamba suka zo suka kafa tebur a inuwar durumi. Lamba ita ce 'yar tsagar da ake yi a dantse don rigakafin agana. Aka yi mini, na koma gida na yi abin da matan unguwarmu ke yi: na matse lemun tsami a kai, na murje da toka, don kada ta kumbura ta bar tabo. Ina son mijina ya riƙa ganina ba aibi ko ɗaya. Shi tela ne, ranar kuma yana kasuwar Shagari, ba a yi masa ba.

Da rani agana ta kama shi can Shagari, aka keɓe shi a wata bukka bayan gari. Na ɗaure kayana. A raina har na ga kaina ina yi masa fifita, yana buɗe ido yana kiran sunana.

Gwaggona, wadda ta yi agana tun tana yarinya har ta bar mata zanzana a fuska, ta tare ni a zaure. Ta kama dantsena ta duba, ta ga sumul.

"Mi kin ka yi, ɗiyata?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja ni wurin malamin asibiti, aka sake tsagawa, ya ce kada in kusanci majinyaci sai ta kumbura ta yi ɓawo. Gwaggo ta karɓi ƙullin kayan daga hannuna.

"Ni da agana mun san juna," in ji ta. "Ba ta koma mani."

Sai da na tsufa jikata mai karatun likita ta bayyana mini abin da Gwaggo ke nufi. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyi da ake kira B. In cuta ta shigo, sai waɗanda suka gane ta su hayayyafa, su ƙera wani abu mai manne mata har a kashe ta, wasunsu kuma su zauna shekaru suna riƙe da kamanninta. Lamba koya musu take yi tun kafin cutar ta zo. Ni kuwa na kore malamin nasu da lemun tsami.

Da Gwaggo ta tafi Shagari jinyarsa, na zauna kullum ina duban dantsena, ina roƙon Allah ya kumbura. Da ya yi ƙaiƙayi ya tara ruwa, na yi murna kamar an yi mini albishir.

Da ɓawon ya fito na hau jaki zuwa Shagari. Na iske Gwaggo durƙushe tana wanke masa idanu da ruwan ɗumi, aikin da take yi safe da yamma don kada ya makance. Ta rame sosai. Ta matsa gefe, ta miƙo mini ƙwaryar. Fuskarsa duk ta canza, amma ya buɗe ido ya gan ni.