Hotona a Gaban Jirgin Sama

Ina budurwa, lokacin da kuɗin mai suka shigo, burina in fito a kalanda irin wadda ake ratayewa a shagunan Keffi. Na je wurin wani dattijo Bayarabe mai hoto a Gangaren Tudu. Ya tsayar da ni gaban labule mai zanen jirgin sama, har na ji kamar na tashi.

Ya ce, "'Yata, karkata kafaɗa, ɗaga haɓa, ki kalle ni."

Na karkata, na ɗaga. Amma a gidanmu ba a haɗa ido da babba. Sau uku yana roƙona, idona na ƙasa.

Hoton yana nan. Yau na tsufa, ni ma yarinyar ta ƙi kallona.