Kwana Tara Ta Hanyar Fadama

Matso kusa, ɗan'uwa, jawo tabarmarka nan inda ba sai na ɗaga murya ba. Abin da zan gaya maka ban taɓa faɗinshi ko a ƙofar masallaci ba, ni da ake cewa ko kaza ta ratsa gabana sai na ba da labarinta.

Ni mutumin gida ne. Garu anka haihe ni, wani ƙauye kusa da Malanbil, kuma in da so samu ne, da ban taɓa wuce inda ake jin dakan matan gidanmu ba. Karatuna bai yi nisa ba, allo kaɗan, lakwal, makarantar boko ke nan, shekara biyu na gudo. Amma gona ɗaya ba ta riƙe gida, ga uwata, ga maiɗakina, ga ɗiya ukku. Shi ya sa na kama aiki Malanbil wurin wani Alhaji, ɗan kasuwa da iyayenshi sunka zo daga wajen Argungu tun da daɗewa sunka zauna. Albasa shike saye shina aikawa Kwatano. Aikina in buɗe mangaza, wato sito, da sahe, in ɗinke bakin buhunna, in tsaya kan lodi har kamiyo, babbar motar kaya, shi tashi. Lokacin soja ke mulki, ba a daɗe da sauya ma ƙasa suna daga Dahome ba, kowa an maishe shi kamarad, wai abokin gwagwarmaya, har jandarman da ke bariya, shingen shiga gari, wanda kullum sai ya leƙa lambar kekena kamar ta sake tsakanin jiya da yau.

Tun watan farko Alhaji ya nuna mini wani ɗaki bayan mangaza, ya ce in zauna ciki, in riƙa zuwa gida ranar hutu. Na leƙa ɗakin, na ji warin albasa, na ji shirun da ke ciki, na yi godiya na ce zan yi shawara. Shawarar ga shekara huɗu ina yin ta. Shi kau ya kan yi dariya ya ce ni dai ba a yanke mini cibiya ba, jan ta anka yi tun daga Garu har kasuwa.

Da an sallame asuba nike hita. Hanyar, in ka san ta a wancan zamani, wani wurin ƙasa ce mai tauri, wani wurin rairayi ne da ke haɗiye taya, dole ka sauka ka tura. Da damina laka, da bazara rana ta tarbe ka tun ba ka kai gada ba. Suna nawa na rasa, ɗaurin aure nawa, sai dai in tarar da goron da anka aje mini. Amma in na dawo da marece na jingine keke, na ji uwata tana faɗa da awaki, ƙaramar ɗiyata ta rugo tana laluben aljihuna, maiɗakina ta aje tuwo da miyar kihi gindin dogon yaro, sai in ji duk wanda ke kwana gari shi ne abin tausai.

To akwai wata al'ada wurinmu, ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya san ta. Mai keke ba ya wuce babba a ƙasa. Sai ka sauka, ka gaishe shi, ka karɓi kayanshi, in hanyarku ɗaya ka ɗauke shi. Wanda ya wuce babba shina taka keke, kahin marece labari ya riga shi gida.

Wata bazara, tsakiyar kakar albasa, na iso wurin wani gawo da ke mararrabar hanya bayan garinmu, sai na ga tsoho zaune, ƙafarshi ta dama naɗe da tsumma. Masunci ne daga wata tunga a bakin gulbi, abokin mahaihina. Ranar da anka ruhe mahaihina shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na sauka na durƙusa. Ya ce mini ƙayar kihin nan kurungu ce ya taka cikin jirgi, ya raina ta, ta raina shi, yanzu likita ya ce sai allura da wankin ciwo kowace sahiya a Malanbil har sati biyu. Jiya ƙasa ya taka, ya kai rana ta yi tsaka.

Na ce, "Baba, ina raye za ka taka? Hau."

Ya hau baya, ya miƙe ƙafar gehe guda, munka kama hanya. Ranar farko wallahi daɗi na ji. Tsohon ya iya hira, rabi Dandanci rabi Hausa, ya ba ni labarin mahaihina da ban taɓa ji ba, yadda sunka taɓa kihewa da jirgi don gardamar wa zai riƙe sanda. Amma mutum ne mai jiki, kuma inda rairayi shike ba ya iya sauka, sai in tura keke da shi a kai, zuhwa tana shiga mini ido. Ga shi ba ya wuce kowa. Mai jaki ya tsaida ni su gaisa, mai nono ya tambaye ta saniyar da ba ta da lahiya, har jandarman bariya sai da ya san labarin kurungun. Kwana ukku a jere ina isa mangaza rana ta hau, direbobi zaune kan buhunna, albasa tana shan rana a waje.

Rana ta ukku Alhaji da kanshi na tarar a ƙofa. Bai ɗaga murya ba, gaban direbobi ya ce, "Ɗan Garu, albasa ba ta san gaisuwa ba. Gobe in rana ta riga ka ƙofar ga, ka zaɓa, ko ɗaki ko ka maido mini mabuɗina."

Za ka ce mi ya hana in gaya mishi gaskiya. Ga abin da ya hana. Kahin wannan, sau da yawa na makara don na tsaya shan koko mai zahi, ko don hirar ƙofar gida ta riƙe ni, kuma kowane karo taya nike ɗora ma laihi. Tayar kekena ta fashe a bakina hiye da yadda ta fashe a hanya. Da gaskiya ta zo, sai na ji kamar wata ƙaryar ce zan ƙara, na sunkuyar da kai na ce to.

Shi ma tsohon, kalma nawa ce? Baba, mu riƙa tashi da wuri, ko Baba, mu rage gaisuwa, maigidana ya yi faɗa. Shi kenan. Mutum ne mai hankali, da ya gane. Amma bakin ga nawa da ba ya gajiya, kunya ta ɗaure shi gaban abokin mahaihina. Kunyar ta hana ni magana, ba ta hana ni abin da ya hi magana muni ba.

Kashegari da na hita daga gari, kahin in kai gawon, na karkata dama na shiga fadama. An riga an yanke shinkafa, ƙasa ta bushe ta tsattsage, sai kunyoyi da wata rijiyar ban ruwa nan da can. Na bi kan kunya, inda akwai kwata mai laka na saɓa keke a kafaɗa na ƙetare. Daga wani wuri ana hangen gawon, shi kaɗai ke da ganye a bazara, kuma na ga farar hularshi a gindi. Na duƙa. Ni, magidanci mai ɗiya ukku, ina tura keke a duƙe kamar wanda ya sato akuya. Na ɓullo hanya can gaba, na isa mangaza kahin kowa, Alhaji ya ce madalla.

Na ce ma raina yau ɗai ne, gobe zan yi mishi bayani. Goben ta zo na sake karkata dama. Na ce ai hanya ba ta rasa mai jaki ko amalanke. Rana ta huɗu ban ko ɗaga kai wajen gawon ba. Da marece ma ta fadama nike dawowa, kar mu haɗu. Kwana tara na yi haka, kuma cikin kwanakin nan ina cin tuwona, ina hirata, ina ba yara dariya.

Ranar hutuna ina zaune da hantsi ina gyaran igiyar awaki, sai ga matar tsohon ta yi sallama. Maiɗakina ta shimhiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, anka gaisa. Sai ta kwance ƙullin zane ta aje abu biyu, busasshen kihi da sabon shambur, robar nan ta cikin taya, ko hodar jikinshi ba ta goge ba. Ta ce tsoho ya aiko ta. Ya ce kwana da kwanaki bai ga ɗanshi ya wuce ba, ya san keken ne ya lalace, nauyinshi ne ya fasa taya, shi ya sa ya sa anka sawo wannan daga Gaya, ƙetaren gulbi, in yi haƙuri.

Keken shina jingine jikin garu, taki ukku daga inda take zaune, tayoyi cike da iska, laka ta bushe har kan sarƙa. Maiɗakina ta dubi keken, ta dube ni, ta karɓi kayan hannu biyu ta yi godiya yadda ya kamata, ta raka baƙuwa har bakin hanya. Da ta dawo ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, bazarar ga ina keken ga ke samun laka?"

Ta ɗauki shambur ɗin ta rataye shi a ƙusar da nike rataye hulata, ta shiga madahi.

Da la'asar na tahi tungar. Tun daga ƙofar bukka na ji wari. Shina kwance kan tabarma, ƙafar ta kumbura har gwiwa, fatar tana ƙyalli. Matarshi ta gaya mini a waje cewa kwana biyu na farko ya taka da sanda, rana ɗaya ya samu mai amalanke, daga nan sai dai shi kai gawon shi zauna har rana ta yi zahi shi dawo, sannan ko gawon ya daina kaiwa.

Ya ga ni ya yi murmushi, ya tambayi uwata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Keke ya gyaru, ɗana?"

Na ce, "Ya gyaru, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya dubi ruhin bukka, ya ƙara da cewa, "Fadamar can akwai ƙaya wajen kwata ta biyu. Ka riƙa kula."

Bai ƙara ko kalma ba kan wannan, ranar nan ko bayanta. Mutumin da ya yi shekara hamsin shina gane motsin kihi ƙarƙashin ruwa, shi nike ɓoye ma a hili tsakar fadama.

Kashegari tun kahin kiran salla na je na ɗauko shi, munka yi asuba a hanya. Na ɗaure shi da rawani a bayana don ba ya iya riƙe kanshi. Likitan da ya kwance tsumman ya yi ta faɗa, ya tambaya ina ya shige sati guda, tsohon ya ce gangancin tsuhwa ne. Ranar anka sa shi mota zuwa babban asibitin Kandi. Can anka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na isa mangaza wajen azahar, na miƙa ma Alhaji mabuɗi, na gaya mishi komi, har da fadamar. Ya ce da na buɗe baki tun ranar nan, da ya ba wani mabuɗin na sati biyu, kamiyonshi ma kullum sai ya bi ta hanyar garinmu zuwa Madikali ɗaukar albasa, wurin mutum ɗaya ba ya gagara. Ya maido mini mabuɗin ya ce in je in ɗinke buhunna. Da ya kore ni da na hi jin sauƙi.

Tsohon ya dawo bayan wata biyu da sanduna. Ya rayu shekara bakwai, bai sake shiga jirgi ba, sai dai shi zauna bakin gulbi shina ɗinkin taru, shina gaya ma masu hita inda za su jehwa. Kowane sati nike zuwa gaishe shi, kuma kowane sati nike shirya maganar a hanya, in iso shi tare ni da hira har in tashi ban faɗa ba. Ban sani ba ko shi ke toshe mini ƙofar, ko ni ke jin daɗin ganin ta toshe. Duk wanda ya zo dubiya shina nuna ni, shi ce ga ɗan da ya goya shi har likita.

Ya rasu, matarshi ta bi shi. Ɗiyanshi yanzu magidanta ne, babban ma ya yi hurhura. Har yau in sunka yi kamu mai kyau sai sun aiko mini da kihi mahi girma, in munka haɗu kasuwa su durƙusa, su ce ma ɗiyansu ga wanda ya ceci ran kakanku. Maiɗakina tana dafa kihin, yara su ci, ni in ce cikina ba ya so.

Shekaruna sun ja, ba ni da tabbacin wata bazarar. Kai da ka ji komi yanzu, gaya mini tsakaninka da Allah: in kira ɗiyan nan in zaunar da su in faɗa musu inda ƙafar ubansu ta tahi, ko in bar abin da shi da kanshi ya luluɓe ya tahi da shi a luluɓe?