Bernadine Ta Sa Rana a Janairu

A garinmu Port Amory, duk mai hankali a tsakiyar Janairu yake sa ranar biki. Daga Satumba har shekara ta ƙare Maƙera, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinmu, suna wasa, ko sa guda ka yanka ba mai zuwa maka. Tsakiyar Janairu kuwa lokacin sili-ɗaya-ƙwale ne, na ƙungiyoyin da suka iya zari-ruga, mu ko rabonmu da shi tun ina da gashi a ka. Saboda haka kowa yana gida, haushi ya ishe shi, yana neman inda zai ci abinci kyauta.

Yayata Bernadine Wozniak ta fi kowa sanin wannan. A kicin ɗin makarantar firamare ta ƙare aikinta, rabin garin nan da ludayinta suka girma, amma ba da wannan aka san ta ba. Duk Lahadin da Maƙera ke wasa a gida, tun da sassafe za ka tarar da ita a filin ajiye motoci, ta buɗe bayan a-kori-kura, ta ɗora wata ƙatuwar tukunya ta wake da niƙaƙƙen nama mai yaji. Kowa ya zo da kofinsa, har magoya bayan baƙi, sai dai su da zagi take haɗa musu. Marigayi mijinta Casimir ne ya ƙera mata murhun a masana'antar ƙarfe. Ranar Alhamis aka binne shi, Lahadi ta ɗora tukunya, tana juyawa tana hawaye, aka kuma lallasa mu kamar kullum.

Sai Allah ya kawo Harlan Dietz, direban motar kwashe dusar ƙanƙara da ya yi ritaya. Mutum ne dogo, shiru-shiru, a wasan nan kuwa bai san kan gado ba. Ranar farko da alƙalin wasa ya jefa ƙyallen rawaya, alamar an yi laifi, cewa Harlan ya yi, "Wancan bawan Allah ya yar da hankicinsa." Na so in nutse don kunya. Amma shi ke ɗaukar tukunya, shi ke yanka albasa cikin sanyin da yatsa ke manne wa wuƙa. Shekara da shekaru yana neman aurenta, amsar ɗaya ce.

"Bari a gama kakar wasan nan, Harlan."

In an gama, sai a bari a ga 'yan wasan da za a ɗauko. In an ɗauko, ai ga atisaye ya fara. Ni da nake ƙaninta na ce mata, "Yaya, ki ji tsoron Allah, mutumin nan ba itace ba ne." Ta ce, "Stash, yi ta kanka."

A watan Agustan bara muka je kallon atisaye. Ta ƙare wa 'yan wasan kallo, musamman wani siririn majefin ƙwallo na ko-ta-kwana, Lamont Pruitt, ta yi tsaki ta ce wannan ko ƙwai ba zai iya jefawa cikin kasko ba. Nan take ta juya ta ce, "Harlan, Asabar ta biyu a Janairu, da yamma. Je coci ka gaya wa Fada ya ɗaura mana aure." Harlan ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

Kaka ta fara yadda muka saba, aka ci mu biyu a jere, hankalin kowa ya kwanta. A wasa na uku babban majefinmu ya karye a hannu, aka turo siririn nan. Kai jama'a! Yaron da muka raina ya dinga aika ƙwallo kamar da igiya yake ja. Muka ci. Muka sake ci. Kafin Nuwamba ta ƙare gari ya haukace. Ka san mu da camfi, in ana ci ba a canza komai. Ni rigata ta Maƙera ban yarda an wanke ba, har matata ta kore ta zuwa gareji. Mutane kuma suka ce sa'ar tana cikin tukunyar Bernadine, har da masu shafa murfinta kafin su shiga fili. Ita ko, kullum muka ci sai ta yi ihu ta rungume kowa, sannan ta saci kallon Harlan.

Muka ci wasan ƙarshe, muka haye zuwa sili-ɗaya-ƙwale. Da aka fitar da jadawali, sai ga shi: a gida za mu buga, ranar Asabar, da yamma, daidai lokacin ɗaurin auren. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ina kicin ɗinta ranar Litinin ta tari Harlan da maganar.

"Mako ɗaya kawai za mu ɗaga."

"In kun ci fa?"

"To, biyu."

"Bernadine," ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba, "ban taɓa ce miki ki bar tukunyarki ba, ba kuma zan ce ba. Amma ranar nan ke kika sa ta da bakinki. Zan je coci in tsaya. In kin zo, na gode wa Allah. In ba ki zo ba, ba zan yi fushi ba, 'yata ta daɗe tana kirana in koma wurinta a Arizona. Shekara saba'in nake nema, ban san kaka nawa ta rage mini ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Na bi shi har mota, ni ma fa tikitina na aljihu. Na ce, "Haba Harlan, ko da safe a ɗaura mana!" Ya ce, "Da safe tana kan tukunya, Stash. Ka fi ni sani."

Makon nan Yaya ta sha matsi. Wayarta ba ta huta ba. Maƙwabcinmu Lenny har gida ya zo yana cewa, "Bernie, in aka ci mu alhakin gari a wuyanki yake." Ta kore shi da tsintsiya, ta dawo ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta gaya wa kowa abin da ta yanke ba, har ni.

Ranar Asabar da hantsi ta kira ni. Na tarar da ita cikin shuɗiyar riga, tukunya kuwa tana kife a kan kanta, a bushe.

"Me kake kallo? Babanmu ba ya raye, kai za ka kai ni gaban Fada. Kuma in na ga waya a hannunka sai na karya ta."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma wallahi ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.

Cocin da aka gayyaci mutum ɗari biyu, ba mu cika benci uku ba, yawanci tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa fili. Fada kansa safar Maƙera ce ke leƙowa ƙarƙashin rigarsa. Harlan na tsaye a gaba, da ya hango mu sai da ya dafa benci.

Aka yi addu'a, aka yi karatu. Fada ya tambayi Harlan, ya amsa. Ya juyo ga Yaya ya fara, "Bernadine, kin yarda…" sai wani ihu ya taso daga filin wasa, ya ratso gari, har gilasan tagogi suna rawa. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san wannan ihun, mun kai ƙwallo gida ke nan. Tsofaffi suka zabura. Ni kaina na juya ina kallon ƙofa kamar za ta gaya mini wanda ya ci. Fada ya ƙarasa tambayar da sauri cikin hayaniya.

Yaya ko gezau. Idonta na kan Harlan, hannunta cikin nasa. Ta bari har ihun ya lafa, cocin ya yi tsit, sannan ta ce, "Fada, sake tambayata a hankali. Mutumin nan ya daɗe yana jiran amsar nan, so nake ya ji ta da kyau."

Fada ya sake. Ta ce, "Na yarda," da muryar nan tata da ake ji daga wancan ƙarshen fili.

Harlan, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hannu biyu ya fashe da kuka kamar yaro.