Rijiyar da Ba Ta Cikin Zanena

Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina koyar da lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, sai ƙaiƙayin karatu ya sake kama ni. Na rubuta sunana a wata makaranta a Maradi don yin mastar, digiri na biyu, a fannin gudanarwa. Shekara biyu ina hawa mota kowace Asabar, in je in zauna kan benci tare da sa'o'in 'ya'yana, ana koya mana yadda ake kallon kowane aiki a rarraba shi: wannan akwati, wannan kibiya, wannan wurin da ake tambaya e ko a'a. Abin ya shige ni ƙwarai. Har ta kai idan matata na tuƙa tuwo, ni akwatuna nake gani. Na taɓa faɗa mata sau ɗaya, ban sake ba.

Abin da ya rage shi ne memuwar, wato kundin ƙarshen karatu. Na farko da na kai, a kan wani banki na rubuta shi, bankin da ban taɓa taka ƙofarsa ba. Malamar da ke duba aikina, mace ce marar yawan magana mai yawan jan biro, ta karanta shafi uku ta rufe.

"Malam, wannan aikin ka gan shi da idonka?"

Na ce na karanta shi sosai.

"To je ka nemo wanda za ka gani. Ka auna shi, ka zana shi, ka gyara wani abu a cikinsa. Idan aka dawo daga hutu ba ka kawo ba, sai baɗi."

Baɗi a wurina na nufin wata shekarar ta hawa mota, da kuma kallon da ɗalibaina za su riƙa yi wa malamin da ya maimaita aji.

Hutun ya faɗo cikin bazara. Na ɗauki kaye, littafin rubutuna, da agogo na tafi wajen dangin uwata, wani ƙauye kusa da Cake, inda taubashina, ɗan kawuna, yake riƙe da rijiyar shayar da dabbobi. Rijiya ce mai zurfi. Takarkari ne ke jan igiya, ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki, babban gugan fata, ya fito a juye shi cikin komi. Garke na bin garke tun asuba, na ƙarshe wani lokaci sai bayan la'asar yake sha. Na ce a raina, ga layi, ga jira, ga aiki mai maimaita kansa. Littafi ma bai fi haka tsari ba.

Taubashina ya tarbe ni da abin da ya saba.

"A'a, ɗan boko! Ka zo ƙirga sauran 'yan'uwanka?" Ya nuna jakuna.

"Na zo in koya maka aikinka."

"Alhamdu lillahi. Shekara ashirin muna jiranka."

Kwana uku na yi a gindin wata aduwa ina rubuta minti: tafiyar takarkari, dawowarsa, juye ruwa, shigowar garke. A rana ta biyu na gano abin da na zo nema. Ana tsakiyar aiki, dabbobi na kuka, sai a kwance takarkari, a hura gawayi, a ɗora shayi. Dahuwa uku ake yi masa: na fari, na biyu, na uku, kusan awa guda. Kuma sau uku ake yin haka a yini. A makaranta muna da suna mai kyau ga irin wannan, mataccen lokaci. Na ja masa layi biyu da jan biro, ina jin daɗi kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

Da yamma na shimfiɗa zanena kan tabarma. Na bayyana cewa idan masu ja suka kasu biyu, waɗannan na shan shayi waɗancan na aiki, igiya ba za ta tsaya ba, kuma kafin azahar kowa ya koma gida. Kawu, wanda tsufa ya sauke daga aikin amma bai sauke shi daga zaman bakin rijiya ba, ya buɗe baki zai yi magana. Taubashina ya taɓa masa gwiwa.

"Baba, bar shi. Karatu hwa ya yi. Gobe yadda ya ce haka za a yi."

Da ina da wayo, saurin yardar nan kaɗai ya isa ya tsorata ni.

Washegari aiki ya tafi kamar a mafarki. Igiya na shiga tana fita, ni kuma ina tsaye da agogo ina shirya jimlolin da zan faɗa wa juri, malaman da za su yanke wa kundina hukunci. Hantsi na dubawa ruwa ya fara sauya launi. Can sai wasaki ya fito rabi. Na gaba ya fito da abin da ko mai ginin tukwane zai yi murna da shi. Aka juye a komi, wata saniya ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago ta dube ni. Na sha kallon raini daga 'yan aji na ƙarshe, amma ban taɓa samun mai tsabta irin wannan ba.

Wani makiyayi ya ce, "Malam, wanga a wane akwati yake?"

Aka fashe da dariya, har da ni, don babu wata mafita. Kawu ya kira ni inuwa, ya miƙo mini kofi.

"Ɗana, ka rubuta takarkari, ka rubuta igiya, ka rubuta mu. Ita mai ruwan ba ka rubuta ta ba. In bazara ta yi, a hankali take tarawa. In na uku ya ƙare, ta cika. Ba mu da agogo, sai butar shayi."

Ranar garken ƙarshe sai dab da magariba ya sha. Ni na riƙa juye wasaki don in rage kunya, taubashina na biye da ni yana tambaya ko ya riƙe mini kaye.

Na sake zane. A tsakiya na yi babban akwati na rubuta: rijiya tana tarawa. Da na yi haka sai wani abu ya fito fili. Tunda an san ruwan kashi-kashi yake zuwa, babu dalilin da kowane garke zai iso tun asuba ya wuni a tsaye cikin rana. Na nesa su fara, na kusa su yi kiwo su zo bayan zaman shayi na biyu. Na kai wa taubashina ina ɗari-ɗari.

Ya duba ya ce, "Wannan kowa ya sani. Amma wa zai iya ce wa surukina ya zo a baya? Yanzu sai in ce takarda ce ta ce."

Haka aka yi. Surukin ya yi gunaguni kwana biyu, ya zagi boko da wanda ya kawo shi, sannan ya lura awakinsa sun fi ƙoshi, ya daina.

Ban ɓoye ranar taɓo a memuwar ba, babi guda na ba ta. Ranar kare kundin, malamata ta tsaya a shafin da na rubuta cewa rijiya na cika cikin shayi uku.

"Malam, shayi ba ma'auni ba ne."

Na ce na sa mintocin a ƙasan shafi, amma na gwada duka biyun a wurin, kuma butar ba ta taɓa kuskure ba. A karo na farko cikin shekara biyu na ga haƙoranta. Aka ba ni sakamako mai kyau, aka ce in gyara waƙafi.

Da na kai takardar shaidar ƙauye, taubashina ya juya ta sama da ƙasa, ya ce bai ga sunan saniyar nan ba, alhali ita ta fara duba aikin. Kawu ya ce a bar surutu a ɗora buta. Muka zauna, igiya na kwance a ƙasa, na sha na fari, na biyu da na uku, ban duba agogo ba.