Ajvar Ba Suna

Dobrila ta ƙarar da ƙuruciyarta a masaƙar garinsu, kusa da Leskovac, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Mijinta ya tafi Jamus neman aiki, ƙasar ta haɗiye shi. Ya bar ta da 'yarsu Ljubinka, wadda ta haura talatin amma hankalinta na ƙaramar yarinya ne. Abin da ya riƙe su shi ne wani ɗan gida da iyayen irin waɗannan 'ya'ya suka haɗu suka buɗe. Nan Ljubinka ke wuni, uwar ta samu ta je share-share a gidajen mutane. In gidan ya rufe, sai dai Dobrila ta miƙa 'yarta gidan gwamnati mai nisa, inda ake kai mutum a manta da shi.

To, masu tallafi daga waje suka ce sun gaji. Da ladabi suka faɗa, har da murmushi: ƙungiya ta koyi ciyar da kanta, ta nemi abin sayarwa. Iyaye suka zauna, Dobrila ce ta ce a yi ajvar, wato dafaffen niƙaƙƙen tattasai da ake durawa a kwalba a ci da burodi, tunda duk unguwa an san hannunta. Da kaka ta yi suka kwashe ɗan abin da ya rage suka sayi jan tattasai buhu-buhu. Suka gasa, suka ɓare fatar har yatsu suka yi zafi, suka niƙa, suka yi ta juya tukunya a kan wuta har kafaɗa ta sage.

Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna, don kowa ya san shi: a garin nan ba a sayen ajvar. Kowace mace da murhunta a tsakar gida, wadda kuwa aka gani da na saye ta zama abin zunɗe. Ita kanta Dobrila ta sha zunɗen wasu. Ta kasa kwalabe a kasuwa, mata suka zo suka ɗanɗana, suka yaba, wata ma ta ce da an ƙara gishiri da ya kamo nata, suka wuce. Sanyi ya kama, ba a sayi itacen ɗumama ɗaki ba, mai gidan haya ya fara sintiri. Dobrila ta rasa tudun dafawa, tsoro ya hana ta cin abinci.

Ana haka, rannan da la'asar sai ga Radmila, mai aiki a kantin magani, ta ƙofar baya tana waige-waige.

"Maƙwabciya, rufa mini asiri. Surukata za ta zo bikin waliyyin gidanmu da muke yi duk shekara, ni kuwa bana ko tattasai ɗaya ban gasa ba. Ba ni ajvar kwali guda, amma ki cire takardar nan, kar ta gane na saye ne."

Kowace kwalba da takarda a jiki, da sunan ƙungiya, da hoton tattasai wanda Ljubinka ta zana da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Radmila ta ce irinta suna da yawa, a banki da makaranta, kuma za ta turo su muddin baki zai yi shiru.

"To sunanmu fa? Wa zai san muna nan?" in ji Dobrila.

"Yaya, suna kike so ko itace?"

Dobrila ta ji kamar ta kore ta, amma ba ta da bakin kora. Ta cika baho da ruwan ɗumi, ta tsoma kwalabe, ta sa wuƙa tana kankarewa. Ljubinka ta shigo, ta tsaya tana kallon takardunta a kan ruwa, jan launin yana narkewa.

"Mama, ba su yi kyau ba ne?"

Dobrila ta ce sun yi kyau. Ljubinka ba ta yarda ba. Ta ɗauko fensiranta ta zauna a bakin teburi, ta ce wannan karon za ta yi a hankali, ba za ta fita layi ba. Uwar ba ta hana ta ba, ta ɗauki kwalba ta gaba.