Mikiyar Shu'aibu Bama

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Malam Jaji a Tudun Wada ya san ba a shiga a fito da wuri. Kai ka je a rage maka ƙafar wando, shi kuwa sai ya juya ka ya nuna maka bangon da ke bayan keken ɗinkinsa. Bangon dai ya isa kallo. Wani tsohon bargo ya kafe da ƙusa, ya jera masa maɓallan tagulla, da lambobin yabo masu ƙyallen da ya koɗe, da ɗamarar soja wadda fatarta ta tsattsage. Duka kayan mutanen da suka je yaƙin Bama ne, lokacin yaƙin duniya na biyu. Tun yana saurayi yake bin gidajensu, daga Kumo zuwa Kaltungo, har Dukku. Wani gidan a ba shi kyauta don an gaji da ganin tarkace, wani gidan ya ɗinka wa yaransu kayan sallah a madadi.

Bamanga, mai sayar da goro a bakin shagon, ba ya barinsa ya huta.

"Janar na allura, yau wace runduna za a tura?"

"Wadda za ta kwashe busasshen goron nan naka, a huta da cutar jama'a," in ji Jaji, ko ɗagowa ba ya yi.

To amma abin da ya ɗora shi a kan wannan yawo ba ya jikin bangon. Jaji bai san ubansa ba. Shu'aibu, wanda aka fi sani da Shu'aibu Bama, ya dawo daga yaƙi da tari a ƙirji, ya yi aure, ya rasu Jaji yana goye. Ko hoto bai bari ba. Wani tsohon soja da suka yi bariki ɗaya da Shu'aibu shi ya gaya wa Jaji cewa a cikin hafsoshin da suka horar da su akwai wani Bature, ba ɗan Ingila ba, ɗan ƙasar Folan, wanda yaƙi ya cinye garinsu. Shu'aibu ne ke kula da kayansa. Ranar da za su rabu, Baturen ya ciro wata 'yar mikiya ta farin ƙarfe, alamar sojan ƙasarsu, ya sa masa a tafin hannu. Tsohon ya ce da Shu'aibu ya rasu, matarsa A'i ta kai wa baduku ya ɗinke ta a cikin jar fata kamar laya, ta rataya tare da sauran layunta a ƙarƙashin riga.

Wannan mikiya ita ce kaɗai abin da hannun ubansa ya taɓa da ya rage a duniya, kuma Jaji ya tsufa bai taɓa ganinta da idonsa ba.

Za ka ce, ai uwarsa ce, ya roƙe ta mana. Ba ka san Dada A'i ba. Jaji ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. In ya shigo gaisuwa sai ta juya fuska ga bango ta ce, "Wannan ya tashi lafiya?" Sunan mijinta kuwa ko a mafarki. Sau ɗaya rak ya yi ƙarfin hali, shekarar da ya yi aure. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Dada, an ce akwai wani abu na Baba a wajenki."

Ta daɗe tana tsince shinkafa a faifai kafin ta ce, "In na kwanta dama, ai na mai shi ne."

Shi ke nan. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma bai gaya wa kowa a gidan ba. Ina namiji zai zauna yana yi wa 'ya'yansa zancen abin da ke ƙarƙashin rigar uwarsa? Sai ya shiga tara na iyayen wasu yana jira. Da wayoyi suka zo, wani yaron makaranta ya nemo masa hoton irin mikiyar. Ya duba sau ɗaya ya mayar masa. Ya ce wannan ba ita Baba ya riƙe ba.

Babbar 'yarsa Bashira, malamar Islamiyya a Shamaki, ita ce 'yar gaban goshin Dada. Ita ke yi mata kitso, ita ke yanke mata farce, kuma ita kaɗai ke iya gaya mata magana.

"Dada, wannan buhun layu da kike ɗauke da shi, wuyanki bai gaji ba? Ki ba ni in raba ki da su, Allah shi ke tsarewa."

"Ji 'yar jiya. Da ba su, da kin ga ubanki balle a haife ki ki zo kina mini wa'azi?"

Sai su yi dariya, maganar ta wuce.

Dada ta rasu wata safiya da damina, da hantsi, bayan ta sha kunu. Jaji ya fita da maza wajen gyaran kabari da sanar da dangi. A cikin gida aka ɗora ruwa a murhu, Bashira da wata tsohuwa maƙwabciya suka shiga wanka. Da Bashira ta zare rigar, ga igiyar layu nan, ta yi baƙi da gumin shekaru. Tsakar gida ta riga ta cika da mata, cikinsu har da malaman makarantarsu. Ba ta so a fita da kakarta ana ƙus-ƙus, ba ta kuma so tsohuwar ta tafi ga Ubangijinta da wannan a wuya. Ta dunƙule igiyar a cikin mayafi, ta fito kamar mai ɗebo ruwa, ta cusa ta can cikin murhu, ta ƙara itace.

Jaji ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Abin yana ransa, amma wa zai tambayi kayan mamaci ƙasar kabari ba ta bushe ba? Sai bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, ya kira Bashira zaure.

"Layun da ke wuyan Dada, ina kuka ajiye su? Akwai wata ja a ciki, mai ɗan nauyi."

"Baba, na ƙona su."

Ya dube ta kamar bai ji Hausar ba.

"Tun ranar. Na ce kada mutane su gani. Wani abu ne a ciki?"

"Kakanki ne a ciki," ya ce. Ya zauna a kan dakali, ya ba ta labarin da ya kamata ya ba ta tun tana 'yar makaranta. Kafin ya kai ƙarshe ta ɗora hannu a ka.

Murhun nan kuwa tun ranar bai huce ba, a kansa aka dafa abincin 'yan zaman makoki. An kwashe tokar an tara a bayan madafa. Uba da 'ya suka tsuguna da rariya, tana zubawa yana girgizawa, mata na leƙowa. Suka tsinci ƙusoshi, suka tsinci murfin kwalba. Can sai ga wani ɗan curi mai launin toka, bai kai ƙwallon dabino ba. Ƙarfen ya narke ya dunƙule. Ba kai, ba fiffike. Jaji ya goge shi da bakin riga, ya juya shi ta kowane gefe a hasken rana, ko zai ga alamar gashin tsuntsu ɗaya. Babu.

"Baba, ka yafe mini," in ji Bashira.

"Ke kin yi don ita ne. Tashi ki wanke hannu, toka na cin fata."

Da ya koma shago, bai ƙara juya kowa ya kalli bango ba. Bamanga ya ce "Janar" sau ɗaya, ya ga fuskar, ya bari. Bayan arba'in Jaji ya fara cire kayan ɗaya-ɗaya. Ran Lahadi sai ya ƙulle abu a ƙyalle ya hau mota, ya nufi garin da ya samo shi. Wani gidan ya tarar an sayar an gina shaguna. Wani kuma jikokin suka ce ba su san kakansu ya yi soja ba, suka karɓa suna dariya.

A Kaltungo ya sami wata mata mai suna Joan tana shanya dawa. Ya kwance ƙyallen ya miƙa mata lambar kakanta, ya gaya mata sunan bataliyarsu da abin da aka ce ya yi a daji. Ta kira 'ya'yanta su zo su gani. Ta kawo masa ruwa, ta zauna a gefen tabarma tana shafa lambar da babban yatsa.

"Baba, kai da ka san na kowa haka, naka uban fa? Me ya bar maka?"

Jaji ya kai hannu aljihun gaba, ya dafe ɗan curin da ke ciki, bai ciro shi ba.

"Tsuntsu ne."

"Wane iri?"

"An ce mikiya ce, 'yata. Ni ban gan ta ba."