Malama Kellu da Ajin Masu Dawowa

Kullum da safe, kafin masu keke napep su fara rububin fasinjan kasuwa, Malama Kellu tana tsaye a ƙofar firamaren gwamnati da ke kallon gidana a Yerimaram. Ba ta riƙe bulala. Gaisuwa take rabawa: wannan da Ngizimanci, wancan da Karekarenci, na bayansa da Bolanci ko Fillanci, 'yan'uwanta kuma da Barbarci. In ka ja ta da hira a sauran harsunan, a gaisuwar za ta tsaya. Amma yaron da aka jawo yana kuka, da ya ji harshen gidansu a bakinta, sai ya saki zanen uwarsa.

Marigayiya matata, Halimatu Sadiya, takan ce bakina bai san hanyar yabo ba. Tun da ta rasu babu mai hana ni magana, babu kuma mai saurare. Yau zan gwada yabon, ko da yake a ruɗe nake.

Ga abin da ya ruɗe ni. Duk sanda aka jera sakamakon jarrabawar makarantun yankinmu, wannan makaranta tana can ƙasa, kuma kowa ya san ajin Malama Kellu ne ke jan ta. Na ƙarar da idona a kan littattafai, ban ga wanda ya bayyana mini yadda malamar da ɗalibanta suka fi faɗuwa za ta zama wadda iyaye suka fi nema ba.

Yaran makarantar ba sa zama wuri ɗaya. Da ruwa ya sauka, 'ya'yan manoman Yindiski sun tafi gona, sai bayan kaka. Ranar Laraba 'ya'yan Fulani da na dillalai suna kasuwar shanu. Ga waɗanda iyayensu suka baro Borno a shekarun tashin hankali, sun girma ba su san ko baƙi ɗaya na karatu ba. Dabarar da kowa ya sani ita ce a ƙyale irin waɗannan su ɓace a hankali. Sakamako ya yi kyau, kowa ya yi barci.

Ita ba ta iya wannan dabara ba. Duk wanda ya dawo, ko daga wane aji yake, sai ta karɓe shi, ta zaunar da shi kusa da wanda suke harshe ɗaya, ta ce wa na zaunen, "Abin da ya wuce shi yana wuyanka. Ku yi da harshenku, ku kawo mini da Hausa." Ajin kamar kasuwa. Ranar jarrabawa kuma duk ta shigar da su, har wanda ya dawo shekaranjiya.

A gabana Joda, wani makiyayi, ya kawo 'yarsa Asta bayan ta ɓace damina guda. Ka san Bafillace da Babarbare abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Baiwata, ga amanarki na dawo da ita."

"Kai bawan saniya, ina ka kai mini yarinya tun kafin shuka?"

"Karatun shanu take."

"To shanun sun koya mata rubuta sunanta?"

Asta ta faɗi jarrabawar wannan shekara. Ta faɗi ta gaba. Yanzu tana sakandare, ban san a wane layi na sakamako ake rubuta wannan ba.

Hedimasta, Malam Kaumi, ba mugu ba ne. Ta tagata na ji shi yana cewa, "Ya Kellu, ni ake kira a tambaya kan sakamakon nan. Me zan ce?"

"Ka ce yaranmu ne."

"Wannan ba amsa ba ce."

"To ka ce ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba."

Shi ma yana da gaskiya. Iyayen yara masu ƙoƙari suna kuka cewa an mai da 'ya'yansu malamai. Su ma suna da gaskiya. Unguwa ta cika da masu gaskiya, ni kaɗai ne ban gane komai ba.

Ƙarshen zangon da ya wuce Malama Kellu ta yi ritaya. Babu malamin da ya yarda ya gaji ajin, wa ke son sunansa a ƙasa? Malam Kaumi ya sa wa ɗakin kwaɗo. Sai ga kaka ta yi, an ɗaure gero, yara suka dawo kamar yadda suka saba.

Ranar Litinin na hango ta a bakin ƙofa, wannan karo ta waje.

"Ya Kellu, ai yanzu ba ki da aji."

"Na sani, ranka ya daɗe. Gaisuwa na zo yi."

Yaran ba su jira kowa ba. Suka shige gindin darbejiya, kowa ya nemi mai harshensa, na zaune suka buɗe littafi ga masu dawowa. Malam Kaumi ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya laluba aljihu, ya buɗe kwaɗon, ya ɗauki alli da kansa.

"Zangon nan kawai," in ji shi.

Malama Kellu, uwar masu dawowa, ke ce kika ɓata wa makaranta sakamako kika cika mata aji. Ke ce kika koya wa yara su ɗauki junansu, har suka iya babu ke. Har yanzu ban san ko littattafan ne suka yi kuskure ko ke ba, amma na san a gefen wa nake. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya ba ki hutun da kika ƙi karɓa.

Ku kuma matasan malamai, masu tsoron ganin sunanku a ƙasa: ɗakin nan a buɗe yake zango ɗaya tak. Ba a neman gwani. Wanda ya iya gaisuwa ya zo.